Turmin da ke ƙasan kwalla

Ranar da dillali ya kawo masu sayen gidanmu na Soron Ɗinki a birnin Kano, yaro ne ya fara leƙowa ya ce a kintsa, maza za su shigo. Na ja mayafi na shige ɗakin marigayiya Hajiya, ina kallonsu ta gefen labule. Su huɗu ne, suna tafe suna ƙwanƙwasa bango, suna ɗaga kai suna duban azara. Da suka zo ƙaramin ɗakin da ke kusa da madafi, ɗayansu ya tura ƙofa, ta ƙi buɗuwa sai rabi. Ya cusa kansa ciki, ya ɗan jima, sannan ya fito da shi yana dariya ya ce wa maigidana, "Alhaji, ashe reshen Kantin Kwari gare ku a nan ba ku faɗa ba." Kowa ya dara, har da Malam. Ni kam gabana ne ya faɗi. A lokacin na tuna cewa duk tulin ƙyallayen da ke bayan ƙofar nan sai ya bi ta hannuna kafin mu tashi, kuma a cikinsu akwai abu guda da na shekara 19 ina kauce masa.

Gidan na gado ne. Surukina ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya, Hajiya ta bi shi bayan shekara uku. Gida kuwa ginin ƙasa ne mai sassa huɗu, ba yadda za a yanka shi kowa ya sami wurin sa haƙarƙarinsa. Aka yi ta zama ana tashi, daga ƙarshe aka ce a sayar a raba kuɗi. Da rabon Malam da ɗan abin da aka ba shi na sallamar aiki muka sayi ɗaki uku da falo a Rijiyar Zaki, can ciki bayan titi. Masu saye suka ba mu wa'adi zuwa ƙarshen watan Agusta na 2023, wato tsakiyar damina cur. Ni a 1989 aka kawo ni gidan nan ina amarya. Duk 'ya'yana a nan aka binne cibiyarsu.

A cikin kayan ɗakina akwai keken ɗinki Butterfly, mai takawa da ƙafa, wanda Baba ya saya mini, kuma shi ne har gobe nake takawa. Tun ban cika shekara a gidan ba matan unguwa suka fara aiko yara da atamfa a ƙunshe. Ranar da na gama ɗinkin kuɗi na farko, na naɗe riga da zani zan miƙa wa yarinyar da aka aiko, Hajiya tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ina ragowar?" Na ce ai ɗan ƙyalle ne, Hajiya, bai fi tafin hannu ba. Ta ce, "Ke kika saya? Ƙyalle ma haƙƙi ne. Sa musu a ciki." Tun daga ranar na ɗauki ɗabi'ar tambaya. Kowace mace ta zo karɓar ɗinki sai na nuna mata ragowarta in ce ga shi, za ki tafi da shi ko kin bar mini? Yawanci dariya suke yi su ce me za su yi da tsumma. Wasu su karɓa, musamman in leshi ne ko in ragowar ta isa ɗankwali. Wanda aka bar mini sai in jefa a kwando. Har suna na yi a unguwa da wannan, ana cewa ɗinkinta ba cuta, ko zare ba ta ci. Na faɗi wannan ne don a gane irin rigar da nake sanye da ita a idon mutane lokacin da na yi abin da na yi.

Da farko ƙyallayen ba su wuce tsumman goge keke da kayan 'yar tsana ba. Abin ya canja ne a wata ƙaramar Sallah, da Hajiya ta tafi da mu kallon Hawan Daushe gidan wata 'yar'uwarta da ke kan hanyar da dawaki ke bi. Wani ɗan lifidi ya tsaya dab da zauren yana gyara linzami, na ga rigar dokin kusa da kusa. Yadi ne sama da ƙasa, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri guda, saman kuma haɗe-haɗe ne na ja da kore. Wani gefe ya yage, auduga tana leƙowa. Mutane suna ta kallon Sarki, ni ina kallon ɗinki. Da sanyin shekarar ya shigo na haɗa ƙyallaye na yi wa jaririna bargo a kan wannan dabara, na sa tsohon zani ninki biyu a tsakiya. Ya karkace, kusurwoyin ba su haɗu ba, amma yaron ya yi barci a ciki har ya fara rarrafe. Maƙwabciya ta gani ta ce a yi mata. Daga nan aka tafi.

Yanzu ina yin bargon jarirai, da zanen gado, da rigar filo. Ina yanka ƙyalle murabba'i, inci biyar kowane gefe, ɗinki ya cinye rabin inci ya bar huɗu da rabi. Zanen babban gado yakan ci layi 20, kowane layi ƙyalle 20, guda 400 ke nan, kuma ba kowane launi ne ke zama kusa da ɗan'uwansa ba. Shi ya sa mai wannan sana'a ba ta taɓa cewa ƙyalle ya ishe ta. Telolin Fagge suna tara mini a buhu in aika a karɓo, in na shiga Kwari in sayi guntayen da suka rage a kan turmi, zare da allura kuma sai Ƙofar Wambai. Shekara talatin ana zubawa, fitar ba ta kai shigar ba.

Da muka fito da komai tsakar gida don a ga yawansa, ni kaina sai da na riƙe baki. Ghana-mas-go goma sha huɗu, buhun shinkafa tara cike taf, adaka biyu, kwalla biyu, ban da ta uku da na bari a kusurwa da wanda ke cushe a ƙarƙashin gado. Malam ya zagaya tulin sau biyu, hannunsa a baya. Ya ce, "Uwargida, waɗannan tsummokaran fa ba za su bi mu ba." Na ce, "Malam, da tsummokaran nan aka biya kuɗin jarrabawar yara uku." Ya ce ya sani, amma in tuna tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma mai a-kori-kura sawu yake ƙirgawa, ba ruwansa da tarihi. Muka yi ciniki kamar a kasuwa. Aka tsaya a kan sawu ɗaya nawa ne ni kaɗai, da keke da ƙyalle. Abin da bai shiga ba, in san yadda zan yi da shi.

Auta ce ta taya ni, da yake jami'a suna hutu. Ita shawararta a cusa komai a manyan leda a ɗaure a jefa mota. Na ce a'a. Yadi a damina yana shan iska mai laima ko da bai taɓa ruwa ba, in kika kulle shi a leda sati biyu, fumfuna za ki tarar, da ɗigo-ɗigon baƙi wanda ba sabulun da ke fitar da shi. Kuma ban manta da ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022 ba, yadda aka yi ta shanya atamfa a kan titi ana sayar da ita a wulaƙance. Don haka duk ranar da gari ya buɗe sai mu baza tabarmi mu shanya, ido ɗaya a kan gabas. Sau uku hadari yana kora mu da gudu.

Babbar jaka ma yaudara ce. Ƙyalle ɗaya ba nauyi, amma in ya cika Ghana-mas-go namiji biyu sai sun yi nishi, zik ɗin ya fashe, hannun ya tsinke. Sai na aika shagunan unguwa aka tattaro mini kwalayen taliya da na sabulu. Na sabulun na mayar, don ƙamshinsa yana kama yadi ya ƙi fita. Kowane kwali mu shimfiɗa masa tsohon zani, mu jera ƙyalle a tsaye kamar littattafai yadda ana buɗewa za a ga kowane launi, mu jefa kafur biyu a ƙulle cikin ƙyalle don kada ya taɓa yadin, da busasshen ganyen darbejiya saboda asu da kyankyaso. Auta ta rubuta lamba da abin da ke ciki a gefen kwalin, don in ta rubuta a sama wani kwalin zai hau kai ya rufe. Manyan guntaye, masu yadi ɗaya zuwa biyu, muka naɗe su a jikin yankakken kwali kamar yadda 'yan Kwari ke yi.

Rabewar ce ta ci lokaci. Shadda gefe guda, don santsi gare ta, ba ta zama lafiya da atamfa a ɗinki ɗaya. Leshi ba ya shiga bargo ko kaɗan, na tara shi na ba wata mai ɗinka kayan 'yan tsana. Atamfa kuma sai an raba mai zuba da marar zuba. Na koya wa Auta gwajin: ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kai, in ya ɗauko launi to a ware ta, domin guda ɗaya mai zuba ta isa ta ɓata zanen gado na wata guda a wankin farko. Ki juya bayanta kuma, ta kirki gaba da baya kusan ɗaya ne, ta banza bayanta fari-fari yake kamar an yi mata hoda.

Akwai wata jaka da Auta ta ɗauka za ta kai bola, na ƙwace. Bakin atamfa ne zalla, siraran yankin nan na gefe da ake buga sunan kamfani a jiki. Ban san dalilin da ya sa na fara tara su ba. Muka zauna tana karantawa. Ga na Holan, Vlisco, ga na Ingila, ga Kodebuwa, ga Nichem, ga UNTL ta Kaduna da yawan gaske, domin a shekarun da na fara ɗinki ita ce atamfar masu ƙaramin ƙarfi, mai kauri, mai jure wanki. Ta ce ita ba ta taɓa jin sunan ba. Na ce ina za ki ji, an rufe masaƙar a 2007 kina goye. Tun daga wajen nan in kika bi jakar za ki ga sunayen sun koma na Chana kusan gaba ɗaya. Kawunta ma a masaƙa ya yi aiki a Bompai kafin ya koma tuƙa adaidaita. Ta ɗauki hoton wasu da waya, ta mayar da jakar cikin kayan tafiya da kanta.

Kowane tuli muka buɗe sai mutane sun fito daga ciki. Ankon bikin ƙanwar Malam, wanda rabin matan da suka sa shi sun riga mu gidan gaskiya. Rigar Sallar 'yata ta fari, wadda ba na faɗin sunanta, shekarar da ta yi ƙyanda ta sa rigar a kwance. Zanen da Hajiya ta fi so, mai ruwan goro. Wata rana tun hantsi har la'asar kwali biyu kacal muka cika, saboda surutuna. Duk da haka na rage. Buhu shida na ba almajiran makarantar allon lungunmu da masu cusa filo, jaka uku na rarraba wa yaran da na koya wa ɗinki.

Kwalla biyu na buɗe a satin farko. Ta ukun na yi ta zagaye ta. In Auta ta nufe ta sai in ce bari tukuna, ɗauko wancan. Har ya rage kwana tara, ɗakin ya zama fayau, ba abin da ya saura sai ita a kusurwa, da murfinta mai furanni.

Inna ta rasu a 2004, a gidanmu na Gwammaja, bayan jinyar wata bakwai. Wadda ta yi jinyar ba ni ba ce, ba kuma Yaya ba, mu muna gidajen mazajenmu, sai dai mu zo mu wuni. Wata yarinya ce 'yar riƙo, jikar wani ɗan'uwan Baba daga wani ƙauye a bayan Kura, shekarunta ba su wuce goma sha huɗu ba. Ita ke juya Inna, ita ke wanke ta, ita ke kwana a ƙasan gadonta, da safe kuma ta sa kayan makaranta ta tafi. Inna tana da turmin Holan guda, shuɗi mai tsuntsaye a tashe, wanda Baba ya saya mata kafin ya rasu. Ba ta taɓa yanka shi ba. Takan fito da shi ta shafa ta ce mini, "Ke za ki ɗinka mini shi in bikin autanmu ya zo." Bikin bai same ta ba.

Daren da aka kai ta, ni na kwana a ɗakinta. Wajen tsakar dare na buɗe adakarta na zare turmin, na naɗe a zanen goyo na tura ƙasan jakata. Na ce wa zuciyata ai ni ta ambata, kusan wasiyya ce. Na san ƙarya nake. Cewa ta yi in ɗinka mata, ba ta ce ta ba ni ba. Bayan sadakar bakwai aka fito da kayanta tsakar gida za a lissafa, Yaya na ɗagawa ɗaya-ɗaya, wani ƙanin Baba na rubutawa. Da aka kai ƙasan adaka Yaya ta ce, "Ina Holan ɗin Inna mai tsuntsaye?" Wuri ya yi tsit. Ba wanda ya kira sunan kowa, amma idanu duk suka tafi wuri ɗaya. Yaya ta tashi ta ɗauko jakar yarinyar ta zazzage a gaban mutane: kayan makaranta, hijabi biyu, littattafai, wani ɗan madubi. Yarinyar tana tsaye jikin bango, ba ta yi kuka ba, ba ta ce uffan ba. Wata daga cikin gwaggonninmu ta ce ai mai ɗauka ba ya ajiyewa a jakarsa. Ni ina zaune a kan tabarma da carbi a hannu. Bayan arba'in aka ce tunda mai riƙon ta rasu, a mayar da ita gun iyayenta.

Turmin bai taɓa ganin rana a hannuna ba. Ina zan ɗinka shi in sa, Yaya ta gani? Na sa shi a ƙasan kwalla, na danne da ƙyallaye, na tura kusurwa.

Da na ɗaga murfin ranar nan, warin rumar ƙasa ne ya fara bugo ni. Na kwashe na sama, lafiyarsu ƙalau. Ina zuwa tsakiya na fara ganin jar ƙasa a manne. Ashe gindin kwallar ya yi tsatsa ya huje, laimar daɓe ta hau, gara ta bi ta ramin ta yi gini a ciki. Zanen goyon ya zama gari, ina taɓawa yana zubewa. Turmin na nan a ninke yadda na sa shi, takardar kamfanin mai ruwan zinare ma tana manne a jiki. Na fito da shi tsakar gida na warware a kan igiya. Da yake a ninke garar ta ci shi, ramin da ta huda a ninki ɗaya ya fito a kowane ninki, sahu-sahu, iri ɗaya sak, tun daga wannan baki har wancan, sai ka ce da almakashi aka yi ado. Yadi shida, rana tana ratsowa ta ramukan tana sauka a ƙasa. Tsuntsayen wasu ba kai, wasu ba fiffike. Inda ya tsira kuwa shuɗin yana nan da ƙarfinsa kamar jiya aka buga.

Auta ta ce, "Kai, Umma, wannan ai Holan ce ta gaske. Ta wace ce?" Na buɗe baki in ce ta wata mai kawo ɗinki ce da ta manta. Ƙaryar har ta hau harshena. Sai na ji na ce, "Ta Inna ce. Satowa na yi."

Da daddare na gaya wa Malam komai. Ya daɗe bai yi magana ba, fitilar waya na haska rufin ɗaki. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yarinyar tana raye?" Na ce tana raye, ina jin labarinta jefi-jefi a wurin biki. Da asuba ya tsaya bayan salla ya yi wa limamin masallacinmu tambaya ba tare da ya ambaci suna ba. Ya dawo ya ce haƙƙi biyu ne. Na magada mai sauƙi ne, a biya su ko su yafe. Na wadda aka zarga kuwa ba kuɗin da ke biyansa, sai an je an same ta, kuma a wanke ta a gaban waɗanda aka ɓata ta a idonsu.

Ƙannena maza biyu a waya na same su. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Yaya, a kan atamfa kike kuka? Na yafe duniya da lahira." Ɗayan ma bai tuna an yi haka ba. Yaya kuwa sai da na tafi Gwammaja da turmin a jaka. Na shimfiɗa mata shi a kan gado na faɗi abin da ya faru. Na zaci za ta yi faɗa, don Yaya ba ta iya ɓoye fushi ba. Ta zauna a bakin gado tana kallon hannayenta. Can ta ce, "Da hannun nan na zazzage jakarta. Kina zaune kina kallona." Na ce Yaya ki yafe mini. Ta ce, "Shekara goma sha tara in na ga uwarta a wurin biki ɗauke kai nake. Kin ɗora mini alhakin da ban san ina ɗauke da shi ba. Tashi ki tafi, kina da kwashe kaya." Ko rakiyar zaure ba ta yi mini ba.

Ranar tashi mota ba ta shiga lungunmu, don haka a bakin titi a-kori-kura ta tsaya, yara suka yi ta jigila da baro. Kwali 41 na ƙirga, da adaka biyu, da keke wanda na sa aka cire kansa na rungume a cinya a gaban mota. Mun fita ta Ƙofar Kabuga ke nan muka miƙi titin Gwarzo sai ruwa ya sauko. Direba ya tsaya, shi da yaronsa suka ja tamfol, ni ina leƙe ta madubi ina salati. Kwali uku na baya suka jiƙe, muka shanya su a falon sabon gida kwana biyu, ana tsallake su. Maƙwabta sun yi ta kuka da muka fito, ni kuwa hankalina ba ya wurin. Sai da na kwana uku a Rijiyar Zaki na tuna ban ko waiwayi ƙofar ɗakina ba.

Sai da kaka ta yi muka je ƙauyen. Na aika wa Yaya cewa ranar Asabar zan tafi, ba ta ba da amsa ba, amma da muka biya Gwammaja sai ga ta a zaure da mayafinta. Ta shiga gaba, ni ina baya, har muka wuce Kura ba wadda ta ce da wata komai. Mun sami matar a tsakar gida tana suyar awara, 'ya'yanta biyar, babbar budurwa ce. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta durƙusa ta gaishe mu da "Yaya" kamar dā. Na sa aka kira uwarta da mijinta, na faɗi abin da na zo faɗa a gabansu. Murya ta ƙi fita sai da na maimaita. Yaya ma ta faɗi nata.

Ta koma gaban kaskonta ta juya awarar da ta fara ƙonewa. Ta ce, "Ni dai na san ban ɗauka ba, kuma na san Allah Ya sani, wannan bai hana ni barci ba. Makarantar ce ta tsaya mini a rai. Ina aji biyu na sakandare. Inna ta ce sai na gama." Bayan dawowarta ba a shekara ba aka yi mata aure. Ta ce ta yafe, idonta a kan kasko. Uwarta ba ta ce ta yafe ba, kuma ban ga laifinta ba. Na miƙa wa matar sabon turmin da na saya a Kwari, ta karɓa da hannu biyu ta ba 'yarta ta kai ɗaki. Sannan ta ce, "Atamfar Inna tana nan? Ni fa ban taɓa ganinta a buɗe ba." Na fito da ita daga jaka, ni da Yaya muka kama baki-baki muka ware. Ta goge hannunta a zani, ta matso, ta zura yatsa a ɗaya daga cikin ramukan. Ta ce, "Ashe wannan ce."

Da za mu tafi ta ƙulla mana kuka da busasshiyar kuɓewa.

Na yanka abin da ya tsira. Na bi tsakanin ramuka da alli da almakashi kwana biyu, na sami murabba'i 61, goma sha bakwai a cikinsu da cikakken tsuntsu. Suna cikin kwali mai lamba 23. Watan jiya Yaya ta zo ganin gida, zuwanta na farko. Ta zagaya ɗakuna ta ce falon ya yi ƙanƙanta, ta ce ruwan unguwar da gishiri-gishiri. Da ta shiga ɗakin keke ta ga kwalin a buɗe, ta zauna a ƙasa ta fara jera ƙyallayen a kan tabarma. Ta ce kada in kuskura in haɗa su da ja, fari za a sa a tsakani. Ta tambayi na wa zan yi, na ce ban sani ba tukuna. Ta ce ta ji an sa ranar babbar 'yar matar nan bayan babbar Sallah. "Amma ki tambaye ta tukuna ko tana son ganin abin nan a ɗakin 'yarta. Kada ki yanke mata."

Lambar mijin tana rubuce a gefen kwalin, Auta ce ta rubuta. Ban kira ba har yanzu. Keken ma sai shekaranjiya mai gyara ya zo ya ɗaura kansa, ya sa masa sabon bel.